Takardun da Suka Ce Lafiya Lau

Na gama ajin manya ina da shekara arba'in da ɗoriya, 'yan shekaru bayan an sauke tutar Turawa. A zauren dagacinmu na Gazara muke karatun bayan La'asar, mu manoma da 'yan koli biyu da mahauci guda. Ba na cikin masu saurin ganewa. Abin da malaminmu yake yabawa a wurina shi ne ba na gajiya da maimaici, kuma in na rubuta abu kowa yana iya karantawa. Shi ya sa da wani saurayi ya zo daga jami'a a Zariya yana neman mai taimaka masa da aiki, malamin ya aika aka kira ni daga fadama.

A Makarfi na same shi ranar kasuwa, dogo siriri mai wando da tabarau, ya jingina kekensa da dalbejiya, an ɗaure akwatin ƙarfe a bayan keken. Na girme shi da wajen shekara goma sha biyar, don haka ya ce mini Baba, ni kuma na ce masa Malam, kuma a haka muke har yau.

Da ya ce mini karatunsa a kan giya ne, saura kaɗan in yi masa sallama. Ya roƙe ni in saurara tukuna. Ya ce ba masu sha a wurin biki yake nufi ba, waɗanda giya ta kama yake nufi, waɗanda gona kan mutu a hannunsu su kasa bari. Kafin ya shiga jami'a ya yi aiki a asibiti, ya ga ana kawo irinsu, ya lura da yawansu suna ɗauke da wani ciwo na biyu wanda ba a kawo su dominsa ba: hankalinsu ba ya kwanciya, kullum a firgice suke ba tare da wani abu ya faru ba. Yana so ya gano ko abubuwan nan biyu tare suke tafiya. Babban malaminsa kuwa, wani Bature, yana ganin wannan ciwon na mutanen birni ne, mutumin ƙauye yana sha ne don nishaɗi ya je ya yi barcinsa. Duk da haka ya ba shi rani guda ya zo ya gwada. In ya kawo abin da zai nuna akwai magana, zai ci gaba da karatu har ya zama malamin jami'a. In bai kawo ba, a rufe aikin, ya koma inda ya fito.

Dalilin da ya sa yake bukatata a fili yake. Duk inda ya tsaya da wandonsa da takardunsa, mutane sai su yi tsit. Wasu su ɗauka ma'aikacin haraji ne, wasu su ce ɗan aiken alƙali ne, kuma a lokacin Musulmin da aka kama cikin maye yana iya shan bulala. Ni kuwa an san ubana, an san gonata. Kafin in amsa masa na je wurin limaminmu, don ba na so a gan ni ina shiga gidan giya a fassara ni. Liman ya ce mai neman sanin ciwo don a sami magani ba ɗaya yake da mai sha ba, amma in kula kada in zauna a tabarmar da ake zagaya ƙwarya. Da wannan na kama aiki.

Aikin ba shi da wuya a ido. Kowace takarda tana da tambayoyi a jere, a gefen kowace tambaya an bar fili. In karanta wa mutum tambaya, in rubuta abin da ya ce daidai yadda ya faɗa, ba ƙari ba ragi, ba kuma a rubuta sunan kowa. Malam ya aro mini keke. Mun fara da wata unguwa a bayan ƙauyen Taba, inda wata mata Kirista take dafa burukutu. Daga kudancin lardi ta zo da mijinta mai aikin hanya, ya rasu ya bar ta a nan, kowa Gwaggo yake ce mata, babba da yaro. Ta ba mu kututture a bakin danga. Malam yakan koma can nesa ya zauna don kada ganinsa ya hana mutane magana.

Sai in ɗauko takarda in fara. Kana samun barci lafiya? Mutum ya ce lafiya lau. Kana yawan jin gajiya? Babu gajiya. Yaya zamanka da iyali? Alhamdu lillahi, ko kuwa mun gode Allah in Kirista ne. Yaya aiki? Da godiya. Akwai abin da ke damunka? Babu komai, sai alheri. Haka a Taba, haka a Gazara, haka da muka hau keke har Furana ta wajen Ikara. Ba wanda ya ƙi ni, ba wanda ya ɓata rai. Ni kuma daɗi nake ji, don hannuna ya saba, har na kai ina rubuta lafiya lau ba tare da na dubi alƙalamin ba. Da yamma in jera takardun in miƙa wa Malam, ba gogewa ko ɗaya a jikinsu. Yakan daɗe yana duba su, ni kuma in ɗauka tsabtar rubutun ce ta burge shi.

Da akwatin ya kusa cika ya kai Zariya. Bayan kwana huɗu ya dawo, na same shi a gidan malamin makarantar da yake sauka a Makarfi, abinci a gabansa bai taɓa ba. Ya ce babban malaminsa ya sa an fassara masa takardun, ya saurara har ƙarshe, ya ce ai ga shi nan, mutanenka da bakinsu sun ce lafiyarsu ƙalau. Ya shawarce shi ya haƙura. Malam ya roƙa aka bar shi ya ci gaba zuwa faɗuwar ruwan farko, don kowa ya san in damina ta sauka ba mai zama ya amsa tambaya.

Abin ya tsaya mini a rai, domin da hannuna aka rubuta takardun nan. Na fara zargin kaina. Na ce ko karatun nawa ne bai nuna ba, ko ina karanta tambayoyin a karkace. Na karɓi takarda guda na tafi da ita gida, na yi ta karantawa ina maimaitawa, na kai wa malaminmu na ajin manya na karanta a gabansa. Ya ce babu harafin da na ci. Amma ni na san takardun ƙarya suke yi. A cikin waɗanda suka ce mini lafiya lau akwai wanda matarsa ta yi yaji sau uku, akwai wanda na ga hannunsa yana rawa har goro ya faɗi. Ban dai san ta inda ƙaryar take shiga ba, don mutanen ba maƙaryata ba ne.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, ya girme ni da shekara biyar. Tsohon soja ne, yana cikin waɗanda aka kai ƙetare lokacin yaƙin Turawa, shi ya sa ake ce masa Kofur. Kowa ya san yana sha, kowa kuma yana yi kamar bai sani ba. Da rani yana aiki a wurin matsar rake a fadamar Taba, inda doki yake zagayawa yana juya injin, ruwan raken yana gangarowa a dafa shi ya zama mazarƙwaila. Shi ne mai kula da wuta da kasko. Na guje shi tun farkon aikin don na san bakinsa, amma yanzu na ce gara in gwada da wanda na san cikinsa da bayansa.

Tun da na shiga ajin manya yake tsokanata da karatun a-ba-ca-da. Yana hango ni ya ce, "Malam Abacada, yau kuma da takarda ake zuwa gaida mutane?"

Na ce aiki ne, ya ba ni hankalinsa kaɗan. Na tsuguna nesa da hayaƙi na karanta masa ta farko, ko yana samun barci lafiya.

"Lafiya lau. Kai ma ka kwana lafiya?"

Na ce lafiya, na wuce ta biyu, ko yana yawan jin gajiya.

"Babu gajiya. Ina taka gajiyar, da wannan keken aro?"

Na tambaye shi zamansa da iyali, ya ce suna lafiya, ya tambaye ni ƙanwarsa, wato matata, ko har yanzu tana haƙuri da ni. Na tambaye shi ko akwai abin da ke damunsa, ya ce sai alheri. Sannan ya juya kaskonsa ya ce, "Taubashi, wannan gaisuwar taku ta boko ba ta ƙarewa ne? Ruwan rakena zai ƙone."

Na zauna a wurin da alƙalami a hannu ban rubuta komai ba. Duk tambayar da na yi masa sai da ya mayar mini da ita, kamar yadda ake yi. Sauran mutanen ba su mayar ba ne don suna jin nauyin takarda, amma abin da suka ji ke nan su ma. Barci, gajiya, iyali, aiki, damuwa: jerin da muke bi ke nan kowace safiya tun muna yara, kuma amsarsa a shirye take tun kafin a haife mu. Mutum ko gawa ce kwance a ɗakinsa, ka ce masa ina kwana, lafiya zai ce maka, sai an gama sannan ya faɗa maka rasuwar. Wata biyu na yi ina yawo a keke ina gaida mashaya, suna amsawa da ladabi, ina rubutawa.

Ban tsaya ba sai Makarfi. Na tarar Malam ya dawo daga Ikara cikin tsakar rana, idanunsa sun yi ja, ko takalmi bai cire ba. Na ce, "Malam, ina gajiya?"

"Babu gajiya, Baba."

"To haka zan rubuta?"

Ya dube ni. Na miƙa masa takardar na ce ya karanta tambayoyin da ƙarfi kamar wanda ya shigo zaure. Bai kai ta huɗu ba ya ajiye. Ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan dariyar ta tsaya. Ya ce shi da kansa ya juyo tambayoyin daga Turanci, ya ba 'yan'uwansa ɗalibai uku suka duba, duk suka ce Hausar ta yi daidai. Na ce ai daidai ɗin ne ya cuce mu.

Gane kuskuren bai ba mu maganinsa ba. Malam ya ce daga yanzu in fara da cewa wannan ba gaisuwa ba ce, tambaya ce ta gaske. Na gwada a Furana. Mutumin farko ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce in ba gaisuwa ba ce to shari'a ce, shi kuwa bai yi wa kowa laifi ba. Kafin yamma labari ya zagaya, ranar ko mutum ɗaya bai ƙara zama a gabana ba. Muka dawo muna tura kekuna don tayar Malam ta yi faci.

Gwaggo ce ta buɗe mana hanya. Na koma wurinta ni kaɗai, na same ta tana shanya tsiron dawa, na gaya mata duk abin da ya faru. Ta yi dariya ta ce laifinmu biyu ne. Na farko da yamma muke zuwa, lokacin da kowa ya sha ya sami baki, ya manta yana da ciwo. Na biyu muna tambayar abin da ba haka ake kiransa ba. Ta ce ita shekarunta nawa a kan tukunyar nan, ta san masu zuwa don hira, ta san masu zuwa da sassafe ta bayan danga, ba sa doguwar gaisuwa, da hannu biyu suke riƙe ƙwarya don kada ta zube.

"Waɗannan masu faɗuwar gaba ne," in ji ta. "Ƙwaryar farko ba ta daɗi ba ce, ta danne gaba ce. Taubashinka ma kafin in gama hura wuta yana nan."

Faɗuwar gaba kowa ya san ta. In aka yi sallama da kai da muryar da ba ka saba ji ba, ko aka ce ka zo gida maza, gabanka yakan faɗi. Amma ban taɓa tunanin akwai wanda nasa yake faɗuwa kullum ba tare da an kawo masa wani labari ba. Kalmar kuma ba ta cikin takardarmu ko sau ɗaya. Da na kai wa Malam, a bayan hannunsa ya rubuta ta don babu takarda kusa.

Shi so yake mu sauya tambayoyin mu fita washegari. Na ce a'a. Na ce ko da kalmar a bakinmu, in muka tsaya a kan mutum da takarda za mu koma gidan jiya. Mu a nan ba a faɗin ciwon zuciya ga wanda ya zo tambaya, sai ga wanda aka zauna da shi har gaisuwa ta ƙare, aka yi shiru, aka shiga wata hira. Na ce ya ba ni kwanaki in je in zauna. Ya dubi gabas, inda gajimare ya fara taruwa da yamma yana watsewa, ya ce kwanakin ne ba mu da su. Na ce waɗanda muka kashe muna sauri me suka haifa? Ya bar ni.

Na ajiye takarda a gida na koma wurin matsar rake na nemi aiki. Ni ne mai tura rake a bakin injin, in kwashe wanda aka matse in baza a rana don a yi makamashi da shi. Kofur ya ce boko ya kore ni ke nan, na ce ai na zo ne in ga yadda tsofaffi suke ƙona mazarƙwaila. Kwana ɗaya, biyu, uku, huɗu, ba abin da muka yi sai tsokanar juna. Kowace yamma Malam yana jirana a mararraba da kekensa, in girgiza masa kai, ya juya.

A rana ta biyar da hantsi, tarin kwanonin da ake zuba mazarƙwaila ya goce ya zube a kan dutse. Ƙara ce kawai irin ta kwano. Kofur ya yar da ludayinsa ya durƙusa ya rufe kansa da hannu biyu. Sauran ma'aikatan suka yi dariya, sun saba gani. Ya tashi yana zaginsu yana dariyar shi ma, amma na ga rigarsa ta jiƙe, kuma ya daɗe bai iya riƙe ludayin daidai ba.

Da aka kwance doki don ya huta muka koma gindin mangwaro mu biyu. Ban tambaye shi komai ba. Nawa na ba shi. Na ce tun shekarar da baƙon dauro ya ɗauke mini yara biyu a mako guda, in ina gona na ji matata ta ƙwala mini kira, gabana yakan faɗi har sai na zauna, ko da abinci ne ta kawo. Gaskiya ce, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai ranar. Ya daɗe yana ɓare rake da wuƙa bai sha ba.

"Naka yana da dalili," ya ce. "Nawa ba ya jiran dalili. Ido na buɗewa yake faɗuwa, kamar an ce ga wani abu nan tafe. In leƙa waje, ba kowa sai kaji."

Daga nan magana ta zo. Ya ce tun dawowarsa daga ƙetare yake haka. Ba ya iya tsayuwa a tsakiyar sahu a masallaci, sai gefe kusa da ƙofa, mutane suna cewa don warin giya ne, alhali tun kafin ya fara sha yake yi. Kasuwar Makarfi ya bar shiga sai ta watse. An yi masa rubutu ya sha, an yi masa turare, an ce iska ce. Wani abokinsa na soja ne ya fara kai shi wurin ƙwarya, ranar ce ya fara jin ƙirjinsa ya sauka. Da can ƙwarya ɗaya takan riƙe masa har Azahar. Yanzu ba ta kaiwa.

Na ce ko zai yarda in rubuta wannan, ba suna, ba gari. Ya ce in rubuta, amma in karanta masa, don bai yarda da abacadata ba. Na tafi gida na zauna na rubuta duk abin da na riƙe, ya ci mini shafi uku, da gogewa da yawa, don kalmomin ba irin waɗanda hannuna ya saba ba ne. Washegari na karanta masa a gindin mangwaron. Yana ji yana gyaɗa kai, har na zo inda na rubuta cewa yana tashi da tsoro.

"Goge wannan. Ban ce tsoro ba."

Na ce ai duk ɗaya ne.

"Ba ɗaya ba ne. Na ga abin tsoro da idona, na san shi. Tsoro yana da fuska, kana iya gudu ko ka tsaya. Wannan ba shi da fuska. Rubuta yadda na faɗa."

Na goge na rubuta yadda ya faɗa. Da Malam ya karanta shafukan nan a mararraba, bai hau kekensa ba, a tsaye ya karanta su sau biyu. Ya ce wurin da aka goge ɗin nan ya fi duk abin da ke cikin akwatinsa.

Daga ranar muka sauya aiki gaba ɗaya. Tambayoyin suka ragu, suka zama abin da nake riƙewa a ka. Da safe nake zuwa. In gaida mutum har gaisuwa ta ƙare ƙarewarta, in kama masa abin da yake yi, ko jinka yake gyarawa ko igiya yake tufkawa. In magana ta kawo, in ce na san wani mutum da gabansa yake faɗuwa da safe. Wani ya ce Allah ya sawwaƙe, a bar ta a nan. Wani kuma can sai ya ce shi ma ya san wani mai irin wannan, ya ba ni labarin wanin har ya manta ya koma cewa ni. In na rubuta sai na dawo na karanta wa mutum, ya gyara abin da zai gyara, ya ce a kai ko kada a kai. Biyu sun ce kada a kai, na yaga a gabansu. Kofur da Gwaggo ne suka riƙa gaya wa mutane cewa ba alƙali a cikin maganar. Malam ma ya bar wando ya koma riga, ya koyi zama a ƙasa, har ya yi wasu da kansa.

Aikin ya zama mai nauyi da jinkiri. Da can nakan cika takarda goma a yini, yanzu mutum ɗaya yakan ci mini kwana biyu. Iska ta juya, mutane sun fara sharar gona, ni ma tawa gonar tana jirana, ƙanena ne ya share mini. Ina fita bayan Asuba in nufi Taba ko Kudan, wata rana har Furana, in dawo in zauna rubutu kafin rana ta faɗi.

Akwai abin da muka yi gardama a kai. Ba duk mashayi ne mai faɗuwar gaba ba. Na sami waɗanda suka ce su daɗinta kawai suke ji, barcinsu kuwa kamar na jariri, kuma na ga alamar gaskiya suke faɗa. Na ce wa Malam mu ajiye waɗannan a gefe, tunda maganar Baturen suke ƙarfafawa. Ranar ce kaɗai ya taɓa ɗaga mini murya. Ya ce in ya ɓoye takarda ɗaya don ta ƙi shi, gara a rufe aikin, don ba zai yi shekarunsa yana koyar da abin da ya san ya tace ba. Na ji kunya. Muka sa su duka a akwati.

Ruwan farko ya sauka muna hanyar dawowa daga Kudan. Muka laɓe a wata bukka, Malam ya cire rigarsa ya rufe akwatin da ita. Washegari kowa ya fita shuka, shi kuma ya hau mota zuwa Zariya. Takardun ba su kai rabin na farko yawa ba.

Na yi shuka, na yi noman farko, ba labari. Ina cikin maimai wata safiya na hango shi yana tahowa ta kan kunya, takalmi a hannu. Ya ce babban malaminsa ya sa an fassara masa su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan maganar faɗuwar gaba ya yi ta tambaya, har ya sa aka kira wani ma'aikaci Bahaushe ya ƙara masa bayani. Bai ce ya yi kuskure ba, amma ya sa hannu a ci gaba da aikin. Sai dai ya ɗora masa wata tambaya: wanne ne yake fara zuwa, faɗuwar gaban ce take kai mutum ga giya, ko giyar ce take haifar da ita? Malam ya ce wannan ba aikin rani ɗaya ba ne, yana iya cinye masa shekaru. Ya tambaye ni ko zan iya. Na ce ya bar ni in gama wannan kunyar tukuna.

Tambayar kuwa ta cinye masa shekarun. Ya je ƙasar waje ya ƙaro karatu ya dawo, yanzu shi ke koyarwa a jami'ar, kuma har yau a kan tambayar nan yake. Duk rani yakan zo da ɗalibansa, ya sa su zauna a ƙasa su yi shiru. Kofur bai bar sha ba. Malam ya haɗa shi da wani likita, yakan yi wata biyu ko uku bai je bayan danga ba, sannan ya koma, sannan ya sake gwadawa.

Amma a wancan makon, tun kafin Malam ya shirya sababbin takardu, na ɗauki tambayar na kai wa Kofur a gonarsa. Na taya shi cirar ciyawa har rana ta ɗaga, sannan na faɗa masa abin da Baturen yake son sani. Ya dogara da fartanyarsa ya yi tunani.

"Faɗuwar gaban ce ta riga. Ni na je da ƙafata na nemo giya ta kore mini ita. Amma yanzu in na kwana ban sha ba, giyar ce take aiko ta."

Na ce to wanne zan rubuta.

"Rubuta duka biyun, Malam Abacada. A bar mai tabarau ya sha wahalar."

Na rubuta duka biyun. Da gari ya waye na duba tayar keke, na kama hanyar Furana, inda akwai wani maƙeri da ya ce in dawo in an gama noman farko.